Arthur Coningham: Matuƙin da ya rage nisan Alƙahira da Kano, nisan teku ya haɗiye shi

Ranar Lahadi, 1 ga Nuwamban 1925, wasu jiragen sama uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka sauka a filin dawakin Turawa da ke wajen ganuwar Kano. Sun taso daga Helwan, kudu da birnin Alƙahira, ranar Talata 27 ga Oktoba, wato sun yi kwana shida a hanya. A wannan tafiya ce jirgin sama ya fara taɓa ƙasar Najeriya. Madugun ayarin wani hafsa ne mai shekara 30 da ake kira Arthur Coningham.

A yau matafiyin da ya bar Karkarna ko Roni ko Ɓaɓura ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano don zuwa Masar neman magani ko karatu, awa huɗu zuwa biyar zai yi a sama ya sauka Alƙahira. Nisan da ke tsakanin biranen biyu, in an miƙe, kimanin kilomita 3,100 ne, kuma bai ragu da ko taku ɗaya ba tun zamanin Coningham. Abin da ya sauya shi ne ƙarfin inji, da yawan man da jirgi ke iya ɗauka, da kuma wanda ke da ikon buɗe sararin samaniya ko rufe shi. Rayuwar wannan Bature daga farkonta har ƙarshenta a kan waɗannan abubuwa uku ta gudana, kuma a cikinta akwai bayanin yadda Kano ta zama mahaɗar jiragen duniya, da yadda wannan matsayi ya suɓuce mata.

Ɗan gidan da abin kunya ya kora

An haifi Coningham ranar 19 ga Janairun 1895 a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Arthur, ɗan wasan kurket ne da ya taɓa buga wa ƙasarsa, amma ba wasan ne ya fitar da sunansa ba. Ya maka wani babban limamin cocin Katolika na Sydney a kotu, yana zarginsa da neman matarsa, yana kuma neman diyya mai tsoka. A 1901 shari'ar ta ruguje, aka gane makirci ne na tatsar kuɗi. Kunya ta sa iyalin suka tattara komatsansu suka koma New Zealand, inda daga baya aka ɗaure uban saboda zamba, auren kuma ya mutu.

Yaron ya samu gurbin karatu kyauta a Kwalejin Wellington, amma hankalinsa ya fi karkata ga dawaki da harbi da wasanni. Da ya bar makaranta sai ya kama aikin gona. Yaƙin Duniya na Ɗaya na ɓarkewa a 1914 ya shiga soja, aka tura shi tsibirin Samoa wanda aka ƙwace daga hannun Jamus, daga nan ya koma rundunar barade. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har aka sallame shi a 1916. Maimakon ya koma gona, sai ya biya wa kansa kuɗin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya shiga sashen jiragen sama na sojan Birtaniya.

Abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan Maori, wato sunan mutanen New Zealand na asali, sannu a hankali baki ya mayar da laƙabin Mary, kuma da shi aka san shi har ya mutu. A fagen daga na Faransa ya kakkaɓo jiragen Jamus da dama, aka ji masa rauni, ya samu manyan lambobin yabo uku. Yana da shekara 23 aka ba shi jagorancin runduna ta 92, wadda ta ƙware wajen yin ƙasa-ƙasa tana kai wa sojojin ƙasa farmaki. Wannan dabara ce zai ɗaukaka da ita bayan shekara ashirin.

Makarantar Iraƙi

Bayan yaƙi Birtaniya ta wayi gari da daula mafi faɗi a tarihinta, aljihunta kuwa a rarake. Mafitar da Winston Churchill, sakataren ƙasashen mallaka, da Hugh Trenchard, shugaban sojin sama, suka samo ita ce a riƙe talakawan daula da jirage maimakon bataliyoyi masu cin kuɗi. An gwada haka a ƙasar Somaliya a 1920 kan Sayyid Muhammad Abdullah Hassan, sannan a 1922 aka miƙa wa sojin sama ragamar tsaron Iraƙi baki ɗaya. Ƙauyen da ya yi tawaye ko ya ƙi biyan haraji, sai a watsa masa takardun gargaɗi, in bai rusuna ba a yi masa ruwan bama-bamai.

A 1922 aka tura Coningham Mosul, inda ya jagoranci runduna ta 55 a hare-haren da ake kai wa Kurdawa masu tawaye da dakarun da Turkiyya ke mara wa baya a kan iyaka. Jirgin da yake tuƙawa shi ne DH.9A, mai fukafukai hawa biyu, an yi shi da katako da ƙyalle, yana da inji guda da mazaunin mutum biyu a buɗe. Irinsa uku ne suka zo Kano. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: jirgin farko da Kanawa suka ɗaga kai suka gani ba na fasinja ba ne, na jefa bam ne, kuma mai tuƙa shi ya koyi aikinsa a kan ƙauyukan Musulmin da aka mallaka.

Kwana shida a kan hanyar alhazai

A 1924 aka mayar da shi hedikwatar sojin sama ta Masar, a shekara mai bi mata aka ɗora masa aikin kai jirage uku na runduna ta 47 Najeriya, tare da matuƙa biyu, Baggs da Rowley, da makanikansu.

Miƙaƙƙiyar hanya daga Alƙahira zuwa Kano ta ratsa hamadar Libiya da duwatsun Tibesti, inda babu mai, babu ruwa, babu mai ceto. Tankin DH.9A kuwa awa biyar da 'yan mintoci yake ɗauka kafin ya ƙafe. Saboda haka dole tafiyar ta yi gwiwa: su bi Kogin Nilu kudu ta Wadi Halfa zuwa Hartum, sannan su juya yamma ta Al-Ubayyid da Al-Fashir, su shiga ƙasar da Faransa ke mulka ta Abashe da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, su faɗo Maiduguri, su ƙarasa Kano. Wannan zagaye ya mayar da kilomita 3,100 fiye da 4,000.

Duk wanda ya san tarihin aikin Hajji zai gane hanyar nan take. Ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙafa da kan jakuna daga ƙasar Hausa ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan zuwa gaɓar Bahar Maliya, wasu su yi watanni, wasu shekaru, suna tafe suna ƙodago, wasu kuma su zauna a Sudan har abada. Ita ce mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, har ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Nilu. Rijiyoyi da garuruwan da suka raya alhazai su ne suka zama zangon jirage.

Babu na'urar da za ta nuna wa matuƙi hanya daga ƙasa. Da kamfas da agogo da taswira marar cikakken bayani ake tafiya, ana duba tudu da kwari da ido. Layin dogon Sudan a Al-Ubayyid ya tsaya, na Najeriya kuma ya iso Kano tun 1911, tsakaninsu kusan kilomita 2,400 babu dogo. Ke nan kowace garwar mai da jiragen suka sha a wannan tsakani sai da ta riga su isa, a bayan dabbobi ko a kan 'yan dako ko a cikin 'yan tsirarun motocin zamanin, kuma kowane filin sauka sai da aka sassabe shi aka tsince duwatsunsa. A wancan zamani irin wannan aiki talakawa ake tarawa su yi ta hannun hakimai da dagatai. Coningham ya samu lambar yabo kan tafiyar. Waɗanda suka share masa hanya babu wanda ya rataya musu komai.

Daga Kano ayarin ya leƙa Kaduna, sannan ya juya ta hanyar da ya zo, ya isa Helwan ranar 19 ga Nuwamba. Kwana 24 ke nan, fiye da kilomita 8,000, da kimanin awa 80 a sararin sama. Don a gane abin da wannan ke nufi ga mutumin wancan lokaci: Kazaure, wadda a lokacin take cikin Lardin Kano, tana da nisan kimanin kilomita 80 daga birnin, tafiyar kwana biyu ko uku ga mai jaki. Jirgin Coningham zai cinye wannan tazara cikin abin da bai kai awa guda ba.

Lokacin da aka zaɓa ma abin lura ne. Shekara 22 kacal da cin Kano da yaƙi, Sarki Usman yana kan karaga. Darfur kuwa sai a 1916 Turawa suka ci ta, suka kashe Sarki Ali Dinar, kuma har da jiragen sama a wannan yaƙi. A 1921 an yi tawayen masu da'awar Mahadi a Nyala, a 1923 kuma Turawan Arewa suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu suka kai shi gudun hijirar dole bisa zargin shirya irin wannan tawaye. Babban abin da ke hana jami'an mulkin mallaka barci a shekarun nan shi ne saƙonni da aƙidun da ke kai-komo tsakanin Sudan da Arewa ta hanyar alhazai. Jirage uku da suka bi wannan hanya cikin kwana shida sun isar da saƙo ga duk mai ido: tazarar da a da take kare mai tawaye daga hukuma ta ƙare.

Hanyar ta biya mai ita

Shekara goma aka yi kafin kasuwanci ya bi sawun soja. A watan Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu duk mako tsakanin Hartum da Kano, kafin ƙarshen shekarar ya miƙa har Legas. Amma ainihin amfanin hanyar sai a Yaƙin Duniya na Biyu ya bayyana.

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya. Kai jiragen yaƙi Masar ta zagayen Afirka ta Kudu yana cin makonni masu yawa. Sai aka tuna da hanyar 1925. Aka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri su bi ta Darfur da Hartum zuwa Masar, tafiyar kimanin kilomita 6,000 cikin kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Siyasa ce ta buɗe wannan ƙofa. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guiana, ya yi mubaya'a ga Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, shi ya sa sararin Chadi ya kasance a buɗe. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, saboda haka hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure da Daura zuwa Damagaram ta zama hanyar zuwa ƙasar da ba a amince da ita ba. Jamusawa sun san darajar wannan layi: a watan Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a rumbun man Fort Lamy.

Mutumin da ke jiran jiragen a ɗaya bakin kuwa shi ne Coningham. Ya fara yaƙin yana jagorantar rukuni na 4 na jiragen jefa bam a Ingila, sai a watan Yulin 1941 Arthur Tedder ya kira shi Masar ya damƙa masa rundunar da ta zama Rundunar Saman Hamada. Jiragen da ya yaƙi Rommel da su, da yawansu a Kano suka sha mai.

A hamadar ce ya tsara ƙa'idar da ta ɗaukaka shi. Kwamandan sama da na ƙasa su zauna a sansani ɗaya a matsayin tsara, ba ubangida da bara ba. A tattara jirage a hannu guda maimakon a rarraba wa kowace bataliya nata. A fara kawar da jiragen abokan gaba, sannan a datse hanyar abincinsu da mansu, sannan a taimaki sojan da ke bakin daga. Bayan nasarar Al-Alamein a ƙarshen 1942 aka ba shi sarautar Sir, kuma a 1943 sojojin Amurka suka shigar da wannan ƙa'ida cikin kundin yaƙinsu. Ya jagoranci jiragen ƙawance a Tunisiya da Sisili da Italiya, sannan daga 1944 ya riƙe rundunar saman da ta raka sojojin Birtaniya da Kanada daga Normandy har cikin Jamus.

Mutum ne mai fara'a da kwarjini, amma mai riƙo. Tsakaninsa da Janar Montgomery ba a ga maciji: yana ganin janar ɗin ya wawure yabon nasarar hamada shi kaɗai, ya yi sanyin jiki wajen bin Rommel, sannan jinkirinsa a Normandy ya hana sojin sama filayen saukar da suke buƙata. Bayan yaƙi aka tura shi shugabancin sashen horar da matuƙa, muƙamin da bai kai na tsammaninsa ba, ya ajiye aiki a 1947.

Awa goma sha biyu a kan teku

A ƙarshen Janairun 1948 ya shiga jirgin fasinja na kamfanin British South American Airways, mai suna Star Tiger, daga Landan zuwa yankin Karebiyan. Jiragen lokacin ba sa iya ratsa Tekun Atlantika ta wannan ɓangare a tashi ɗaya, sai an ya da zango a Lisbon, da tsibirin Santa Maria na Azores, da Bermuda. Tsakanin Santa Maria da Bermuda kimanin kilomita 3,600 ne na ruwa tsantsa, babu tsibirin da za a faɗa in an shiga matsala, kuma a lokacin sanyi iska daga yamma take kaɗawa, wato tana tunkarar jirgin.

A nan ne lissafin nisa yake rabuwa da lissafin lokaci. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar mai kwalekwale a kogi: in ruwa na tafe da shi ya yi sauri, in yana tunkararsa ya yi ta tuƙi ba ya ci gaba, mai kuwa yana ƙonewa. Saboda mugun yanayi Star Tiger ya kwana a Santa Maria. Da la'asar ɗin 29 ga Janairu ya tashi da fasinja 25 da ma'aikata 6. Matuƙin ya zaɓi ya yi ƙasa-ƙasa, kimanin mita 600 daga saman ruwa, don kauce wa iska mafi ƙarfi da ke can sama. Illar haka ita ce in wani abu ya lalace, babu tazarar da za ta ba shi damar gyara kafin ya taɓa ruwa.

Jim kaɗan bayan ƙarfe uku na daren Juma'a, 30 ga Janairu, bayan kusan awa 12 a sama, ma'aikacin rediyon jirgin ya nemi Bermuda ta nuna masa alƙibla, aka ba shi, ya tabbatar ya karɓa. Saura masa kimanin kilomita 600. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. An yi kwana biyar ana nema, ba a ga ko ɓallin katako ba. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Macmillan ya kammala zamansa ba tare da gano musabbabin ba, kuma bayan shekara guda wani jirgin kamfanin irinsa, Star Ariel, ya ɓata bayan tashi daga Bermuda. Daga irin waɗannan ne aka ƙaga almarar yankin tekun da ke haɗiye jirage. Coningham yana da shekara 53. A ranar ce aka harbe Mahatma Gandhi a Delhi, a ranar ce kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, ya mutu a Amurka.

Abin da ya rage wa Kano

Gazawar da ta sa Star Tiger tsayawa a Azores ita ce ta ɗaukaka Kano. Bayan yaƙi, jirgin da ya taso daga Turai ya ƙetare Sahara ba shi da wurin shan mai da ya fi ta. BOAC na Birtaniya a hanyarsa ta Legas, da KLM na Holan mai zuwa Johannesburg, da Sabena na Beljiyam mai zuwa Kwango, duk a Kano suke ya da zango. A 1957 aka buɗe sabon ginin tashar, maniyyata kuma suka fara musanya tafiyar shekaru da ta awoyi zuwa Jidda.

Da jirage masu dogon zango suka shigo daga shekarun 1960, buƙatar tsayawa ta riƙa raguwa. Jirgin da ya tashi daga Landan a yau yana cinye kilomita 5,000 zuwa Legas cikin awa shida da rabi ba tare da ya sauka ko'ina ba. KLM, wanda ya daɗe yana zuwa Kano fiye da shekara sittin, ya janye a 2012. Ana yawan ɗora laifin durƙushewar filin a kan wariyar da hukumomi ke yi wa Arewa, kuma tambayar yadda ake rabon izinin sauka tambaya ce da ta cancanci amsa. Sai dai tarihin ya nuna cewa tun asali raunin injuna ne ya kawo jiragen Turai, ba cinikin Kano ba. Da raunin ya kau, abin da zai riƙe su shi ne fasinja da kayan fitarwa da masana'antu da filin da ke aiki ba fashi. 'Yan siyasar da ke alƙawarin dawo da martabar filin, a kan waɗannan ya dace a titsiye su, haka ma gwamnonin da ke gina sababbin filaye kafin su lissafa masu hawa.

Darasin Éboué ma bai tsufa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai tafiyar Kano zuwa Jidda, wadda kimanin kilomita 3,400 ce in an miƙe, ta koma zagaye, kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi. Al-Fashir da Al-Ubayyid, zangon Coningham da na alhazan da suka riga shi, sun koma fagen daga tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Manomin Gwiwa ko 'Yankwashi da ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, rikicin da bai san mafarinsa ba ya shiga lissafinsa.

Coningham ba shi da kabari, kuma a Kano kaɗan ne suka san sunansa. Ranar da ya sauka a 1925 akwai wani yaro ɗan shekara biyar, ɗan gidan malamai na unguwar Sudawa, wanda zai girma ya shafe rayuwarsa yana faɗa da tsarin mulkin da jiragen nan uku suka zo ƙarfafawa. Sunansa Aminu, kuma sunansa ne a rubuce a ƙofar filin jirgin saman Kano a yau.